Allon Daraktoci

Hayaƙi ne ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin ajiya, sannan tarin Muƙaddashi ya biyo baya. Matarsa tana tsakar gida tana shanya, ta dire bokiti ta ƙwala masa kira.

"Malam! Me kuma ka ƙona yau?"

"Ba ƙonawa nake ba. Gwaji ne."

"Jiya ma gwaji ka ce, yau ga ni ina yanka albasa a kan sunanka."

Ya buɗo ƙofa sanye da wani koren tabarau mai faɗi irin na masu walda, riƙe da ludayinta na katako. A jikin mariƙin ludayin sunansa ne ya fito baƙi wuluk, da shekarar da ya hau kujerar sashensu da shekarar da ya sauka, tsaf kamar an buga a takarda. Ta karɓa, ta juya shi, ta yi tsaki ta jefa a aljihun zaninta. Wannan shi ne ludayi na huɗu.

Shekara talatin da biyar ya yi a Sashen Gyare-gyare da Adana Kayan Aiki. Da gyaran keken rubutu ya fara, ya yi ta hawa a hankali, har ranar da Daraktan sashen ya yi ritaya aka ce ya riƙe kujerar na ɗan lokaci kafin a naɗa wani. Ɗan lokacin nan shi ne ya kai shekara tara. Ba a tabbatar da shi ba, ba a kuma kawo wani ba, har sunan Muƙaddashi ya bi shi ya danne na yanka. Jikokinsa ma da shi suka san shi.

A zauren shiga ofishin akwai wani allon katako mai duhu, wanda aka sassaƙa sunayen daraktocin sashen a kai tun kafuwarsa. Kullum ta gabansa yake wucewa safe da yamma, kuma kullum sai ya saci kallon layin ƙarshe, wanda shi kaɗai ya rage babu rubutu. Ranar da aka yi masa walimar sallama ya daure ya yi maganar. Aka ce masa ai masassaƙin da ke yi musu rubutun ya rasu, ba a samu wani ba tukuna. Maganar kawar da kai ce, kowa a wurin ya gane haka, ban da shi. Shi abin da ya ji kawai shi ne an rasa mai rubutu.

Saboda haka da ya dawo gida ya kwashe tarkacen ɗakin ajiya, ya farke tsofaffin firintoci biyu ya ciro ƙarafa da bel da ƙananan injinan da ke jan su, ya aika aka kawo masa kan lesa, wani ɗan abu da bai fi gwangwanin madara ba amma haskensa na cin katako. Wata goma sha huɗu yana fama. Ya ƙona labule, ya ƙona gefen gemunsa, sau biyu yana jefa layinsu gaba ɗaya cikin duhu. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce abin rage zaman banza ne, likita ya ce mai ritaya ya nemi abin yi. Matarsa ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban mutane ba. Amma ita ke share ɗakin, ta kuma san cewa a duk guntayen katakon da take kwashewa suna ɗaya ne, ba a taɓa gwada ko na jika ba.

Tana cikin mitar ludayi aka yi sallama a ƙofar gida. Masinjan ofishin ne, dattijo mai furfura da ya riga Muƙaddashi fara aiki, yana haki, ya rungumo wani abu mai faɗi da aka naɗe da tsohon labule.

"Ranka ya daɗe, an ce kana da injin rubutu a katako. Ga aiki an aiko."

Tun kafin a warware labulen Muƙaddashi ya gane allon. Ya karɓi takardar da Masinja ya miƙo masa, ya karanta sau biyu a tsaye. Sabon Daraktan da aka naɗa bayan tafiyarsa ne ya sa hannu, yana umartar a rubuta sunansa a allon. Suna ɗaya, nasa. Kwanan watan da ke kai na wata bakwai da suka wuce ne.

"Wata bakwai?"

"Ai daga bene ta taso, ranka ya daɗe. Ta ma yi sauri. Shi mai takardar tun a satin ya tafi kwas ƙasar waje, wai na wata uku. Har yau dai muna zuba ido."

Muƙaddashi ya durƙusa gaban allon. Sunaye goma sha ɗaya, na ƙarshe na wanda ya bar masa kujera. Ƙarƙashinsa layi ɗaya tak, faɗin yatsu uku. In aka sa sabon Darakta a nan, allo ya cika, shekara tara ta bi iska. Wanda zai zo nan gaba ya duba zai ɗauka sashen rufe shi aka yi a shekarun nan.

Matarsa ta leƙo ta kafaɗarsa. Ba ta buƙaci a yi mata bayani ba.

"To, ga allo ya kawo kansa har gida. Me kake jira?"

"Izini," in ji shi.

Ya shiga ɗaki ya zauna ya rubuta takardar neman izini da hannunsa, sakin layi uku, ya yi kwafi biyu. Ya saka rigar da yake zuwa taro da ita, suka fita shi da Masinja.

A cikin bas, wani fasinja ya matse su da buhun gawayi. Masinja ya yi ta ba shi labarin ofis: fankar ɗakin taro har yanzu ba ta juyawa, famfon bene na biyu na nan yana ɗiga, an dai canza bokitin da ake tarawa.

"Kai fa? An yi maka ƙarin girman nan?"

Masinja ya yi 'yar dariya, ya kalli taga. "Takardar tana nan inda ka bar ta, ranka ya daɗe. Cikin tiren da ke hannun hagu."

Muƙaddashi ya tuna tiren. Ya tuna kuma abin da ya riƙa gaya wa dattijon nan duk ƙarshen shekara in ya shigo ya rusuna. Kunya ta kama shi sosai, sai ya hau gyara takardun da ke cinyarsa har suka iso.

A zauren shiga, inda aka cire allon ya bar wani farin murabba'i a bango, da ƙusa biyu. Suka hau bene. A ofishin Darakta, Dogo ne zaune. Muƙaddashi ne ya ɗauke shi aiki yana saurayi, shi ya koya masa yadda ake buɗe fayil da yadda ake rufe shi ba tare da an yanke komai ba. Yanzu shi ke riƙe da sashen. Bai zauna a babbar kujerar ba, ya jawo wata ƙarama ya ajiye a gefen teburin, daidai inda Muƙaddashi ya ajiye tasa shekara tara. Babbar tana nan da ledarta.

Dogo ya miƙe da sauri, ya yi gaisuwa har da rusunawa, ya aika a kawo shayi. Ya karanta takardar a nutse, yana gyaɗa kai a kowane sakin layi.

"Yallaɓai, wallahi gaskiyarka ce. Duk ginin nan babu wanda ya kai ka cancanta. Ni a hannunka na tashi."

"To sa hannu mana."

Dogo ya ajiye biro a hankali. "Ba ni da hurumi, yallaɓai. Riƙo nake yi. Sai dai a jira mai kujera."

Muƙaddashi ya ji kamar an kunna masa muryarsa a rediyo. Har yadda Dogo ya karkatar da kai ya buɗe tafin hannu, nasa ne.

"Kai Dogo, wannan ƙaramin abu ne. Layi ɗaya a katako."

"Rubutu a katako ai ba ya gogewa, yallaɓai. Canji ne na dindindin." Ya jawo aljihun tebur ya zaro wata takarda da aka lulluɓe da leda don kada ta tsufa. "Ga umarnin da muke bi. Mai riƙo ba zai amince da duk wani canji na dindindin ba, komai ƙanƙantarsa. Har yau babu wanda ya rubuta umarni mai kyan wannan. Sababbin ma'aikata haddace shi muke sa su yi."

Muƙaddashi bai karɓa ba. Daga inda yake zaune yana hango sa hannunsa a ƙasa, da jan biron da yake ji da shi a lokacin.

"To yaushe mai kujerar zai dawo?"

"An ƙara masa wata shida. Amma takardarka ba za ta ɓata ba, ni da kaina zan adana." Ya ɗaga ta da hannu biyu, cikin girmamawa, ya sa a tiren hannun hagu. "Allon kuwa, in da hali a dawo da shi yau kafin a tashi. Na sa hannu ya fita na yini ɗaya ne."

Muƙaddashi ko shayin bai tsaya sha ba.

Da ya dawo gida rana ta take. Matarsa ta ga fuskarsa, ba ta tambaye shi komai ba sai da ya cire riga. Sannan ta biyo shi har ɗakin ajiya, abin da ba ta saba yi ba in injin na kunne.

"Sun hana ko?"

"Ba su hana ba. Ba su da hurumi."

"Wa ya ce?"

"Ni na ce," ya faɗa da ƙaramar murya. "Tun shekara goma da suka wuce."

Ta riƙe ƙugu. "Malam, ka saurare ni. Shekara tara kana fita tun ban gama haɗa maka shayi ba. Ranar da aka haifi jikarmu ta fari kana ofis kana jiran wayar da ba a bugo ba. Allo na ɗakinka, inji naka ne, ƙofa da sakata. Wa zai ƙirga layi? Shi wancan da ko wata guda bai yi a kujerar ba ya tafi yawon kwas, in ya dawo ya sayi sabon katako."

Ta fita ta ja masa ƙofa da ƙarfi.

Ya ɗora allon a kan teburin injin, ya daidaita shi da ma'auni, ya ɗaure kusurwa huɗu. Ya kunna kwamfuta. Sunansa na nan a shirye, ba ya buƙatar ko gyaran ɗigo, harufan ma irin na masassaƙin ne sak, don wata biyu ya ɓata yana kwaikwayonsu daga wani hoto. Ya saka tabarau. Ɗan jan ɗigon haske ya sauka a farkon layin ƙarshe ya tsaya yana jira. Ya ɗora yatsa a kan maɓalli.

Yana so. Bai taɓa son wani abu a rayuwarsa kamar yadda yake son danna maɓallin nan ba. Amma yatsan ya ƙi. Shekara talatin da biyar bai taɓa fitar da ko ƙusa daga sito ba sai da takarda, kuma abin da ya fi ba shi haushi shi ne ya san ba tsoron kowa yake ji ba. Babu mai kama shi. Kawai dai in ya wuce ta gaban allon zai san cewa layin nan ba shi da fayil.

Ya ɗauke hannu. Ya goge sunansa daga kwamfutar, ya buɗe takardar Darakta ya kwafe nasa harafi bayan harafi, ya duba sau uku, ya danna.

Injin ya ɗauki ƙugi. Kan lesar ya riƙa kai da komo, siririn hayaƙi na tashi, ƙanshin tsohon katako ya cika ɗakin. Ko sau ɗaya bel bai zame ba, wuta ba ta ɗauke ba, ita da kullum sai ta yi masa tsiya a tsakiyar aiki. Cikin minti arba'in sunan ya fito, ya fi duk na sama kyau. Wannan ne aiki mafi kyau da injin ya taɓa yi, kuma Muƙaddashi ya tsaya a kansa yana jin kamar ya rufe shi da duka. Ya cire tabarau ya share idonsa. Ya gaya wa kansa hayaƙi ne.

Ya kwance allon, ya kifa shi don ya kakkaɓe ƙurar da ta taru a baya. Bayan fari ne, ba fenti, ba ko ɗigo, faɗinsa ɗaya da gaban. Ya daɗe yana kallo, tsumma a hannu. Sannan ya ɗauko takardar Darakta ya sake karantawa. Ta ce a rubuta suna a fuskar allo. Ya rufe ido ya bi umarnin nan nasa daga farko har ƙarshe, don har yanzu yana kansa. Babu inda aka ambaci baya. A iya saninsa, kuma saninsa a nan ba kaɗan ba ne, babu wata takarda a duk ginin da ta san allo yana da baya.

Da matarsa ta ji injin ya sake tashi, ta leƙo.

"Me kuma?"

"Gwaji," in ji shi, bai juyo ba.

Ta matso ta karanta abin da ke fitowa. A sama, da manyan harufa: MASU RIƘO. Ƙarƙashinsa sunan mijinta da shekarunsa tara. Ƙarƙashin wannan kuma sunan Dogo, da shekarar bana, da ɗan layi, sai fili.

"Wato ko a katakon ma bango za ka fuskanta," ta ce. Amma ta sa gefen mayafinta ta goge tokar da ke kan sunan, a hankali, ta kuma je ta kawo masa labule mai tsabta na naɗewa.

Saura kwata a tashi ya isa ofis a tasi. Masinja ya taya shi shigo da allon zaure, Dogo ya sauko da kansa. Ya duba sunan Darakta, ya yaba, ya ce ko marigayi masassaƙi sai haka. Masinja ya juya allon don ya nemo igiyar ratayewa, sai rubutun baya ya bayyana.

Dogo ya karanta. Ya kai kan nasa sunan ya tsaya. Ya kai yatsa kamar zai taɓa, ya janye, ya waiga ko akwai mai kallonsa. Wata bakwai yana zaune a ƙaramar kujera, ko a ƙofar ofis ba a rubuta sunansa ba.

"Yallaɓai... wannan ai ba ya cikin takarda."

"Takarda ta hana?"

Dogo ya shiga tunani, da gaske yake tunanin. "Ba ta hana ba."

"To a goge, in ka ga bai dace ba. A kankare da majagara."

"Kankarewa ai canji ne na dindindin."

"To a rataye."

"In na rataye, na amince da shi kenan." Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ya dubi allon, ya dubi ƙusoshin nan biyu, sannan fuskarsa ta washe irin ta wanda ya ga hanya. "A jingine shi a nan tukuna, na wucin gadi. In mai kujera ya dawo sai ya yanke."

Ya yi sallama cikin ladabi, ya haye bene da sauri, ya ƙara waigowa sau ɗaya daga kan matakala.

Masinja ya tattara ƙarfinsa ya ɗaga allon, ya kai shi ƙarƙashin farin murabba'in nan. Ya ɗan tsaya. Sannan ya juya shi, ya jingina fuskar daraktoci goma sha biyu da bango, bayan ya kalli ƙofar shiga, inda duk mai shigowa sai idonsa ya faɗa a kai.

"Baba, ka juya shi," in ji Muƙaddashi.

"Da sani na yi, ranka ya daɗe. Ƙa'idar sito ce, kai ka kafa ta: kaya mai daraja in za a jingine, fuskarsa bango take kallo, kada a goge ta da ƙafa." Ya karkaɗe hannuwansa. "Sunayen manya ne, ba a wasa da su."

Ma'aikata suka fara saukowa, jaka a kafaɗa. Wata mai buga takardu ta tsaya ta karanta, ta ɗago ta dubi Muƙaddashi da ke tsaye da toka a hannun riga, ta gaishe shi da sunansa na yanka. Rabon da ya ji sunan a ginin nan har ya manta.

Masinja ya raka shi bakin ƙofa.

"Kada ka sa rai da yawa fa, ranka ya daɗe. Na ɗan lokaci ne."

"Na sani," in ji Muƙaddashi. "Ni ma haka aka ce mini."

Ya kai bakin titi, har ya ɗaga wa bas hannu, sai ya sauke. Ya juyo ya dubi dattijon.

"Baba, wace shekara ka fara aiki a nan? Faɗa mini daidai, da cikakken sunanka. Akwai sauran fili a ƙasa."